Yadda Ake Warware Tagwayen Ikweshan: Jagora ga 'Yan Aji Uku da Masu Taya Su Karatu a Gida

Wata mata ta aiki yaronta babbar kasuwar Katsina ya auno gero tiya 2 da wake tiya 1, ya biya naira 7,000. Maƙwabciyarta ta aiki nata yaron wurin mai awon nan dai, ya auno gero tiya 1 da wake tiya 1, ya biya naira 5,000. Cikin yaran ba wanda ya tambayi kuɗin tiya ɗaya. Nawa ne tiyar gero, nawa ne ta wake?

Na taɓa yi wa tsohuwata wannan tambaya tana zaune tana gyaran zogale, ita da ba ta taɓa zama ajin boko ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Ai tiya guda ta gero ce ta raba su, dubu biyu ke nan. Wake dubu uku. Kai da kake malami wannan ne ya gagare ka?" Da na shiga aji ranar Litinin na rubuta wa 'yan aji uku na ƙaramar sakandare abin nan dai a allo, amma da haruffa:

2x + y = 7,000
x + y = 5,000

sai aji ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Lissafin da tsohuwa ta yi da ka shi ne wanda ke allo, kaya kawai ya sake. Wannan darasi shi ne wanda littafin makaranta ke kira simalteniyos ikweshan, ni kuwa tagwaye nake ce masa a aji, domin su biyu suke zuwa kuma ba a warware ɗaya a bar ɗaya. Yana cikin manhajar aji uku, yana fitowa a BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, kuma zai biyo yaro har WAEC da NECO. Duk farashin da ke cikin wannan rubutu na misali ne, kada wani ya je ya yi rigima da mai awo da sunana.

Abin da ya kamata a fara ganewa

Ikweshan sikeli ne. Alamar = ita ce tsakiyarsa, abin da ke hagu nauyinsa ɗaya da abin da ke dama. Duk abin da ka yi wa ɓangare ɗaya, tarawa ko ɗebewa ko ninkawa ko rabawa, dole ka yi wa ɗayan, in ba haka ba sikeli ya rinjaya.

Idan abu ɗaya ne ba ka sani ba, labari ɗaya ya ishe ka: x + 3 = 10, kowa ya san 7 ce. Amma idan aka ce x + y = 10 kawai, ba ka da amsa. Tana iya zama 6 da 4, ko 9 da 1, ko 2.5 da 7.5, ba iyaka. Sai an ƙara maka labari na biyu, a ce x ta fi y da 2, sannan za ka tsaya a kan 6 da 4. Abu biyu da ba a sani ba, labari biyu suke buƙata. Amsar kuwa ita ce lambobi biyun da za su gamsar da labaran duka a lokaci ɗaya.

Mataki na farko: mayar da labari haruffa

Nan ne yawancin yara ke faɗuwa, tun kafin a zo ga hanyoyin warwarewa, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Ka fara da ƙarshen tambayar. Me aka ce ka nemo? Shi za ka ba haruffa. Kuma ka rubuta ma'anar kowane harafi da cikakkiyar jimla. Kada ka rubuta "g = gero". Gero me? Yawan tiya ko kuɗin tiya? Rubuta "g = kuɗin tiya ɗaya ta gero". Ba dole ba ne sai x da y. Harafin farko na sunan abin ya fi taimakon ƙwaƙwalwa.

Ga misalin da ke nuna amfanin wannan. Mai shago ya ƙirga cinikin safe ya samu takardun kuɗi 14, 'yan ɗari biyar da 'yan ɗari biyu, jimlarsu naira 4,600. Guda nawa ne kowanne?

Abin da ba a sani ba yawan takardu ne, darajarsu kuwa an riga an faɗa. To:

a = yawan 'yan ɗari biyar
b = yawan 'yan ɗari biyu

Labari na farko na ƙirge ne: a + b = 14.
Labari na biyu na kuɗi ne: 500a + 200b = 4,600.

Kusan duk shekara sai na samu wanda ya rubuta a + b = 4,600. Idan na tambaye shi, "Ɗana, takardu dubu huɗu da ɗari shida ne a aljihun mai shagon?" sai ya yi dariya ya gyara da kansa. Dokar ita ce kowane layi ya yi magana a kan abu iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Layin ƙirge, ƙirge ne hagu da dama. Layin kuɗi, kuɗi ne hagu da dama.

Sai kalmomin da ke ruɗa yara. "Uba ya girmi ɗansa da shekara 26" ana rubuta shi u = d + 26. Wanda ya rubuta u + 26 = d ya mayar da ɗa ya girmi ubansa. Hanyar kauce wa wannan: ka tambayi kanka wane ne babba, sannan ka ƙara wa ƙaramin har ya kamo shi. Haka ma "awaki sun ninka tumaki sau 3" shi ne a = 3t. In kana shakka, saka ƙaramar lamba ka gwada: tumaki 2, awaki 6, ya yi daidai.

Mataki na biyu: jera su

Kafin komai, ka jera layukan biyu su zama tsari ɗaya: x ƙarƙashin x, y ƙarƙashin y, lambar da ba ta da harafi a dama. Idan aka ba ka 2y = 3x − 1, mayar da shi 3x − 2y = 1. Ka sa wa layin farko (1), na biyu (2), domin ka riƙa kiran su da suna kuma mai duba takarda ya bi sawunka.

Wannan tsallakar da abu daga ɓangare zuwa ɓangare tsohuwar sana'a ce. Muhammad bn Musa al-Khwarizmi ya yi bayaninta a Bagadaza wajejen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, ya kira ta al-jabr, kalmar da Larabawa ke amfani da ita har wajen ɗorin ƙashi. Daga nan sunan aljabra ya samo asali. Abokiyar tafiyarta kuwa al-muƙabala, wato a fuskantar da ɓangarorin biyu a soke abin da suka yi tarayya a kansa. Shi da zance ya rubuta komai, babu x babu y, kamar dai yadda tsohuwata ta yi.

Hanya ta farko: musanya

Wannan ita ce sabstitushan a bakin malamai. Ma'anarta ka sa harafi ɗaya ya tsaya shi kaɗai, ka ga me yake daidai da shi, sannan ka kai wannan abin ɗaya layin ka ajiye a gurbinsa.

Ka tsaya a bakin Ƙofar Ƙaura da hantsi ka ƙirga napep da babura da ke jiran fasinja: 20 ne duka, tayoyinsu 48. Napep ƙafa uku, babur ƙafa biyu.

n + b = 20 (1)
3n + 2b = 48 (2)

Daga (1), b = 20 − n. Yanzu duk inda ka ga b a (2), ka cire ta ka sa 20 − n, amma a cikin baka:

3n + 2(20 − n) = 48
3n + 40 − 2n = 48
n + 40 = 48
n = 8

Koma wurin da ka ware b: b = 20 − 8 = 12. Napep 8, babura 12. Tayoyi 24 da 24, 48 cif.

Abubuwa biyu za a kiyaye. Na ɗaya, in ka ware harafi daga (1), to (2) za ka kai shi. In ka mayar da shi gidan da ya fito za ka samu 20 = 20, gaskiya ce amma ba ta ƙara maka komai ba. Na biyu, bakan nan ba ado ba ne. Dubi wannan, irin wanda ake bugawa a takardar jarrabawa:

2x + y = 11 (1)
3x − 2y = 6 (2)

Daga (1), y = 11 − 2x. A kai (2):

3x − 2(11 − 2x) = 6

A nan ake yin ta. Wannan −2 da ke bakin ƙofa sai ta gaisa da kowa a cikin ɗaki. −2 sau 11 ya ba da −22. −2 sau −2x ya ba da +4x, domin mainos sau mainos fulos ne.

3x − 22 + 4x = 6
7x = 28
x = 4
y = 11 − 8 = 3

Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini wannan tambaya da amsar x = −28, y = 67. Ta ce, "Malam, wallahi na gwada, kuma ta yi." Na karɓi littafin na duba. Ta rubuta −4x a inda ya kamata +4x, sannan ta gwada amsarta a (1): 2 sau −28 shi ne −56, a tara da 67, ya ba da 11. Ta yi kuwa! Dalili shi ne daga (1) ta samo y, don haka kowace irin x ta saka, (1) zai amince mata. Na ce ta gwada a (2). Ta samu −218 a inda ake neman 6, ta dafe kai. Tun ranar na daina cewa yara "ku gwada amsarku", sai dai "ku gwada a duka biyun".

Musanya ta fi daɗi idan akwai harafin da ba shi da lamba a gabansa, kamar y a misalin nan, ko kuma an riga an ware maka shi, irin u = d + 26. Idan jimlar shekarun uban da ɗan 52 ce, sai kawai (d + 26) + d = 52, 2d = 26, ɗa 13, uba 39. In kuwa kowane harafi yana da 3 ko 5 ko 7 a gabansa, musanya za ta jefa ka cikin ɓalle-ɓallen lambobi, gara ka bi hanya ta biyu.

Hanya ta biyu: kawarwa

Eliminashan ke nan, kuma ita tsohuwata ta bi. Ka haɗa layukan biyu ta yadda harafi ɗaya zai ɓace. Ba sabuwar dabara ba ce: wani tsohon littafin lissafi na ƙasar Sin mai kimanin shekara 2,000 ya koyar da ita, kuma misalinsa na farko a kan dammunan hatsi ne masu daraja uku. Da sanduna suke jera lambobin, ja da baƙi, don bambanta abin da ke hannu da bashi.

Yanayi uku ne za ka haɗu da su.

Idan lambar gaban harafin ɗaya ce amma alamominsu sun saɓa, tara su:

3x + 2y = 17 (1)
5x − 2y = 7 (2)

+2y da −2y sun cinye juna. Saura 8x = 24, x = 3. A kai (1): 9 + 2y = 17, 2y = 8, y = 4. Wannan shi ne mai sauƙin, ba ya ba kowa wahala.

Idan lambar ɗaya ce kuma alamar ma ɗaya, ɗebewa za a yi, kuma nan ne maki ke zubewa:

2x + 5y = 16 (1)
2x − 3y = 0 (2)

2x a ɗebe 2x, babu. Sai 5y a ɗebe −3y. Rabin aji za su ce 2y. Amsar 8y ce. Ka ɗauki mainos a matsayin bashi: kana da naira 5 a hannu, aka kuma yafe maka bashin naira 3 da ake bin ka, ai ƙaruwa ka yi. Ɗebe bashi ƙari ne.

Duk da wannan bayani, idan agogon jarrabawa na gudu hannu yakan riga tunani. Shi ya sa nake hana ɗalibaina yin ɗebewar da ka. Ga abin da nake sa su: su sake rubuta layin ƙasa, su juya alamar kowane abu da ke cikinsa, har da wanda ke bayan alamar =, sannan su tara.

2x + 5y = 16
−2x + 3y = 0

Tarawa: 8y = 16, y = 2. A kai (2): 2x − 6 = 0, x = 3. Layi ɗaya ka ƙara a takarda, ka tsira da makinka. Akwai malaman da ke ganin wannan ɓata lokaci ne. Ni dai na duba takardun yara da yawa, kuma ban taɓa ganin wanda ya faɗi don ya ƙara layi ba.

Yanayi na uku shi ne wanda ba lambar da ta yi daidai da wata. Mai kaji ya sayar wa wani kaji 3 da zabi 2 a kan naira 27,000, ya sayar wa wani kaji 4 da zabi 5 a kan naira 50,000. Don sauƙi mu yi aiki da dubbai, mu ajiye sifilan sai ƙarshe:

3k + 2z = 27 (1)
4k + 5z = 50 (2)

Zaɓi wanda za ka kawar. Mu ce z. Gabanta akwai 2 da 5. Wace ƙaramar lamba ce 2 da 5 duk suke shiga? 10. To a ninka (1) sau 5, a ninka (2) sau 2:

15k + 10z = 135 (3)
8k + 10z = 100 (4)

Lura cewa 27 ta zama 135, 50 ta zama 100. Wanda ya ninka hagu ya manta dama ya sayi kaji 15 da zabi 10 da kuɗin kaji 3 da zabi 2, kuma ba mai kajin da zai yarda. Ma'anar ninkawar ke nan: da mutumin farko ya yi cinikinsa sau biyar, na biyu ya yi nasa sau biyu, da yawan zabinsu ya zo ɗaya, bambancin kuɗinsu sai ya zama na kaji zalla.

(3) a ɗebe (4): 7k = 35, k = 5.
A kai (1): 15 + 2z = 27, 2z = 12, z = 6.

Kaza naira 5,000, zabo naira 6,000. Gwaji a (2): 20 + 30 = 50. Ya zauna. Kada ka bar amsa a "k = 5". An tambaye ka kuɗin kaza, ka maido da sifilan ka rubuta da naira.

Da ka zaɓi kawar da k, da ka ninka (1) sau 4, (2) sau 3, ka samu 12k sama da ƙasa. Amsa ɗaya za ta fito. Zaɓi dai wanda lambobinsa suka fi ƙanƙanta, ko wanda alamominsa suka saɓa, don ka samu tarawa maimakon ɗebewa.

Mu koma ga mai shagonmu. 500a + 200b = 4,600 yana da ban tsoro a ido, amma raba komai da 100 sai ya zama 5a + 2b = 46. Ninka a + b = 14 sau 2, ka samu 2a + 2b = 28. Ɗebe: 3a = 18, a = 6, b = 8. 'Yan ɗari biyar 6 naira 3,000, 'yan ɗari biyu 8 naira 1,600, jimla 4,600.

Idan aka zo da ɓallen lamba

Wani lokaci mai tsara tambaya yakan sako irin wannan don ya tsorata yara:

x/2 + y/3 = 4 (1)
x − y = 3 (2)

Kada ka yi kokawa da rabi da sulusi. Nemi lambar da 2 da 3 ke shiga, wato 6, ka ninka duk layin (1) da ita: 3x + 2y = 24. Shi ke nan ya zama irin wanda ka saba. Daga (2), x = y + 3. Sai 3(y + 3) + 2y = 24, 5y + 9 = 24, y = 3, x = 6. Mai ɗigo ma haka: 0.5x + 0.2y = 3 a ninka sau 10 ya koma 5x + 2y = 30.

Hanya ta uku: zane a takardar giraf

Ba ita ce mafi sauri ba, kuma sai an ce ka bi ta za ka bi ta. Amma ita ke nuna wa ido abin da ake ciki. Kowane ikweshan irin waɗannan miƙaƙƙen layi ne idan aka zana shi, kuma amsar ita ce mahaɗar layukan biyu.

x + y = 5 (1)
2x − y = 4 (2)

Ga (1), zaɓi x uku ka nemo y ɗinsu: x = 0 ya ba da y = 5; x = 2 ya ba da 3; x = 5 ya ba da 0. Ga (2): x = 0 ya ba da −4; x = 2 ya ba da 0; x = 4 ya ba da 4. Ɗiga su a takarda da fensir mai tsini, ka ja layi da rula. Ɗigo biyu sun isa a ja layi, na ukun ɗan sanda ne: in bai hau layin ba, akwai kuskure a ɗaya daga cikinsu. Za ka ga layukan sun gicciye a inda x = 3, y = 2.

Rauninta shi ne idan amsar irin 2.37 ce, ido ba zai karanto ta daidai ba, balle in fensirin ya dakushe. Sannan ka bi ma'aunin da aka ba ka. In an ce santimita 2 ga kowace lamba ɗaya, kada ka yi naka.

Lokacin da tagwayen suka ƙi ba da amsa

Wani lokaci kana cikin kawarwa sai x da y su ɓace tare. Kada ka firgita, duba abin da ya rage.

Idan yaro na farko ya auno gero tiya 1 da wake tiya 1 a 5,000, na biyu ya auno 2 da 2 a 10,000, na biyun bai zo da sabon labari ba, maimaita na farkon ya yi. Kawarwa za ta ba ka 0 = 0. A giraf layi ɗaya ne ya hau kan ɗan'uwansa, amsoshi ba su da iyaka.

Idan kuwa na biyun ya ce 2 da 2 ɗin 14,000 ya biya, za ka samu 0 = 4,000, abin da ba zai yiwu ba. Layukan sun zama kamar kunyoyin gona biyu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa. Babu amsa. A takarda sai ka rubuta haka. A gida kuwa sai a tambayi yaron ina canji.

A aji uku wannan bai cika fitowa ba, don haka in ka ci karo da shi a jarrabawa, fara duba ko ka kwafi tambayar daidai.

A ɗakin jarrabawa

A ɓangaren zaɓi-ka-cika, ba dole ka warware daga tushe ba. Amsar tana cikin zaɓin da aka jero maka. Ɗauki kowanne ka saka a layin da ya fi sauƙi, wanda ya tsallake ka gwada shi a na biyu. Sau da yawa wannan ya fi sauri.

A ɓangaren rubutu kuwa, ana ba da maki a kan hanya, ana kuma bayarwa a kan amsa. Wanda ya kafa layukansa daidai, ya nuna ya ninka, sannan ya yi tuntuɓe a ƙarshe, zai tashi da wani abu. Wanda ya yi aikinsa a bayan takardar tambaya ko a tafin hannu ya kawo amsa tsirara, ya yi asarar makin hanya ko da amsar daidai ce. Rubuta "(1) × 5", rubuta "(3) − (4)", ba sa cin lokaci.

Ga iyaye da yayye

Ba sai kun tuna aljabra ba kafin ku taimaka. Ku ce wa yaro ya karanta muku tambayar ya fassara ta da Hausa da bakinsa. In ya kasa, to ba lissafin ne ya kayar da shi ba tukuna, Turancin tambayar ne, kuma nan za a fara gyara. In ya iya, ku tambaye shi, "Me x take nufi a nan?" In ya gama ku ce ya mayar da amsarsa cikin labarin ku ji ko ta shiga hankali. Uba mai shekara 9, ko napep 7 da rabi, ko kaza mai farashin mainos, duk wanda ke gidan zai gane akwai matsala.

Idan yaro ya ce muku lissafi ba namu ba ne, ku ba shi labarin Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, mutumin Katsina, wanda ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara hatimi mai gidaje mara, wato irin mai gida 9 ko 25, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Hatimin nan mai gida tara, wanda kowane layinsa ke ba da 15 a tsaye da kwance da karkace, in ka goge gida biyu ka ce yaro ya cike, abin da zai yi da ka ɗan'uwan darasin nan ne.

Ga guda huɗu a gwada bayan sallar isha'i, a rufe amsoshin da hannu tukuna.

Na ɗaya: a wani gida a Daura akwai awaki da kaji, kawunansu 15, ƙafafunsu 46. Nawa ne kowanne?

Na biyu: kewayen wani fili mai kusurwa huɗu mita 140 ne, tsawonsa ya fi faɗinsa da mita 10. Nemo tsawo da faɗi. A tuna kewaye tsawo biyu ne da faɗi biyu.

Na uku: 4x − 3y = 5 da 2x − 5y = −1. A yi hattara da alamomi, tarko na saka da gangan.

Na huɗu: littafin rubutu 5 da biro 2 naira 2,300 ne, littafi 3 da biro 4 kuma naira 1,800.

Amsoshi: awaki 8 da kaji 7; tsawo mita 40, faɗi mita 30; x = 2, y = 1; littafi naira 400, biro naira 150. Wanda y ɗinsa ta fito da mainos a na uku, ya koma layin da ya yi ɗebewa, a nan kuskuren yake.